Yadda Za Ka Tallafa Wa Abokinka Mai Shirya Wasan Kwaikwayon Wayar Da Kai A Unguwa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan ita ce: "Abokina ya rubuta wasan kwaikwayo a kan wata matsalar unguwarmu, yana so a nuna wa jama'a, ni kuma ban iya wasa ba, ban da kuɗi mai yawa, ta ina zan taimaka masa?" Wasu kuma ƙanwarsu ce take rubuta waƙoƙi a kan shaye-shaye, ko wani maƙwabci yake haɗa gajerun bidiyo a kan katin zaɓe. Amsar duk kusan ɗaya ce. Mai fasaha yakan iya fasaharsa, abin da yake kayar da shi sauran hidimar ce: izini, wuri, lasifika, lissafin kuɗi, da bin sawun maganar bayan an watse. Nan ne wurinka.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe, wato wasa a kan toshewar kwatoci da ruwan da yake shiga gidaje da damina a wata unguwa ta Kano. Wanda batunsa daban ne sai ya sauya abin da ya kamata.

1. Zauna ka saurara kafin ka yi alkawari

Kada ka fara da "faɗi nawa kake so". Ka same shi lokacin da babu hayaniya, ka ce ya ba ka labarin wasan daga farko har ƙarshe. Idan ya gama, ka yi masa tambaya uku. Wace matsala guda ɗaya wasan yake magana a kai? Su wa yake so su kalla? Me yake so a yi washegari?

Ta ukun ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce yawanci ba a tanadi amsarta ba. "A wayar da kan jama'a" ba amsa ba ce. Amsa ita ce: a fito aikin gayya ranar Asabar a yashe kwatar da ta taso daga bakin masallaci zuwa titi, ko a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda mai ɗauke da sa hannun magidanta a kan kwalbatin da ya karye. Ku tsaya a wannan zaman har sai kun fitar da abu guda da za a iya gani da ido.

Gargaɗi: idan ka ga wasan ya haɗa kwata da shaye-shaye da auren wuri da sayar da ƙuri'a duk a minti talatin, ka gaya masa cikin taushin murya ya zaɓi ɗaya, sauran a ajiye wa wani karo. Mai kallo da abu ɗaya yake komawa gida.

2. Zaɓi aikinka, ka bar masa nasa

Ayyukan da mai fasaha yake buƙatar a ɗauke masa sanannu ne: riƙe kuɗi, zirga-zirgar neman izini, haɗa kayan aiki, gayyatar jama'a, da ɗaukar hoto. Ka ɗauki ɗaya ko biyu da za ka iya da gaske, ka faɗa masa a fili. Idan aikin ofis ya riƙe ka sai yamma, kada ka karɓi neman izini, domin masu ba da shi da safe ake samun su.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne aboki ya shigo da ƙarfinsa, sannu a hankali ya zama shi ne mai abin. Ya ba da kuɗi mafi tsoka, sai ya fara cewa a canza ƙarshen wasan, a sa ƙaninsa a matsayin jarumi. Shawara halas ce, amma hukuncin ƙarshe a kan labarin na wanda ya rubuta ne. Ku yi wannan magana tun yanzu, kafin a taɓa ko kwabo.

3. Rubuta lissafi a takarda

Ku samu littafi mai bango, ba gefen takardar da za ta ɓace ba. Ku jera duk abin da za a buƙata, sa'annan a gaban kowanne a rubuta ɗaya daga cikin uku: saya, haya, ko aro.

Abubuwan da ba sa rasuwa su ne lasifika da makirfo aƙalla biyu, janareta da mansa, rumfa ɗaya ko biyu, kujeru don dattawa da baƙi, tabarmi don yara, ruwan leda, kuɗin motar 'yan wasa a ranakun gwaji, bugun takardun gayyata, da data. Tufafin wasa kusan duk aro ne: babbar rigar mai unguwa tana gidan kawun wani, hular ma'aikacin duba-gari ana iya haɗa ta.

Farashi yana motsi sosai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, saboda haka kada ka yi aiki da abin da wani ya biya bara. Ka je wurin masu bayar da hayar kayan biki uku daban-daban a makon da kake lissafin, ka ji daga bakinsu. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da kawowa da kwashewa, da mai kula da na'urar, domin nan ake samun saɓani ranar taro.

Ga yadda nake ba da shawarar a raba abin da aka tara. A ce kun haɗa naira 150,000. Kusan 60,000 su tafi ga sauti da janareta, domin wasan da ba a ji ba kamar ba a yi shi ba ne. Wajen 35,000 ga rumfa da kujeru da ruwa. Wajen 25,000 ga kuɗin mota da ɗan abin taɓawa na 'yan wasa. Naira 10,000 ga takardu da data. Ragowar 20,000 a ajiye su, kada a taɓa sai abin da ba a zata ba ya taso, kuma zai taso. Idan abin da kuka tara bai kai haka ba, a rage rumfa da kujeru, a nemi inuwar bishiya da tabarmi, amma kada a rage sauti.

Game da 'yan wasa kuwa, ko da sun ce don Allah suke yi, kada a bar su su riƙa biyan kuɗin Adaidaita daga aljihunsu har sau shida ko bakwai na gwaji. Yawancinsu ɗalibai ne ko masu ƙaramar sana'a. Wanda ya daina zuwa gwaji sau da yawa ba lalaci ba ne, kunyar cewa ba shi da kuɗin mota ce.

4. Tara gudummawa ta hanyar da ba za ta ɓata zumunci ba

Ku fara da na kusa. Ku buɗe zaure a WhatsApp na mutum goma sha biyar zuwa ashirin da kuka san za su amsa, ku sa hoton lissafin nan a ciki, ku faɗi ranar rufewa. Mutane sun fi sakin hannu idan sun ga "haya ta lasifika, naira kaza" fiye da "a taimaka wa matasa". Wanda ba shi da kuɗi a ba shi damar kawo abu: mai shagon ruwa ya ba da ruwan leda jaka biyar, mai janareta ya ba da aro, mai wurin buga takardu ya buga kyauta. A rubuta waɗannan a littafi kamar yadda ake rubuta kuɗi.

Mutum biyu za su riƙe kuɗi, kuma kada mai wasan ya zama ɗaya daga cikinsu. Ɗaya yana karɓa, ɗaya yana rubutawa. Idan asusun mutum ɗaya za a yi amfani da shi, a nemi wanda babu wata hada-hada a cikinsa, ko na banki ne ko irin su OPay da Moniepoint, don kada kuɗin cefane ya gauraya da na jama'a. Duk abin da ya shigo a sanar a zaure a ranar, duk abin da ya fita a ɗauki hoton rasit. Inda babu rasit, mai karɓar ya sa hannu a littafi.

Ba kwa buƙatar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don wasa ɗaya. Sai in kun ga abin zai ɗore, kuna son asusu da sunan ƙungiya ko neman tallafi daga manyan ƙungiyoyi, sa'annan ku yi maganarta.

Gargaɗi mafi girma a duk wannan jagorar: kuɗin ɗan siyasa. Da zarar labari ya bazu, wani zai aiko a ce "mai gida ya ji abin da kuke yi, yana so ya ɗauki nauyi". Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na taɓa taimaka wa wani shiri da muka karɓi irin wannan kuɗi, muna ganin ai alheri ne. Ranar taro muka tarar an riga mu zuwa, an ɗaura ƙyalle mai hoton ɗan takara a jikin rumfa, rabin mutanen da muka sha wahalar gayyata suka juya tun daga bakin fili. Har yau ina jin zafin abin, domin yaran sun yi wata guda suna gwaji. Idan za ku karɓa, ya zama gudummawa daidai da ta kowa, babu hoto, babu tuta, babu jawabin jam'iyya, kuma a faɗa wa ɗan aiken haka a gaban shaida. In bai yarda ba, a yi masa godiya ya koma da abinsa.

5. Nemi izini bisa tsari, daga ƙasa zuwa sama

Wannan mataki shi ne ya fi cin lokaci, don haka a fara shi aƙalla mako uku kafin ranar.

Mai unguwa ne farko. Kada ku je ku kaɗai, ku nemi dattijo ɗaya da ake ganin girmansa ya shige muku gaba. A cire takalmi, a durƙusa a gaisa, a bar dattijon ya buɗe magana. Idan an ba ka dama, ka taƙaita: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suka shirya ɗan wasa a kan kwatocin nan da suke hana mu barci da damina. Mun zo neman izininka da albarkarka, kuma muna roƙon ka zama uban taro." Ku bar masa takarda mai shafi ɗaya da ta ƙunshi batun wasan, wuri, rana, lokaci da sunayen mutum biyu masu ɗaukar alhaki. Shi zai faɗa muku ko sai an kai maganar gaban dagaci.

Daga nan sai limamin unguwa. "Allah gafarta Malam, ga abin da muke shirin yi, muna so ka ji shi daga bakinmu." Ku ba shi labarin wasan gaba ɗaya, ku gaya masa ko akwai kiɗa, ko akwai mata a cikin 'yan wasa da yadda shigarsu za ta kasance. Liman da ya ji daga bakinku yakan zama shi ne mai sanarwa bayan salla. Wanda ya ji a bakin wasu kuwa, abin da aka ƙara masa shi zai ji. A unguwar da ake zaune da Kiristoci, a je wa fasto da irin wannan bayani, kwata ba ta tambayar addinin gidan da za ta shiga.

Sai ofishin 'yan sanda na yankin. A kai takardar sanarwa kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya ku dawo da ita, ta kasance a aljihunka ranar taro. Idan filin makaranta za ku yi amfani da shi, shugaban makaranta ne zai ba da izini, wani lokaci ya tura ku ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, kuma harkar fim da wasanni tana ƙarƙashin kulawarta. Idan kuna da niyyar ɗaukar wasan a matsayin fim ku sake shi, ku je ofishinta tun da wuri ku tambayi abin da ake buƙata a halin yanzu. Kada ku dogara da "wane ya ce ba komai".

6. Halarci gwaji da idon mai kallo

Ka je gwaji aƙalla sau biyu, ka zauna can baya. Aikinka a nan abu huɗu ne.

Ka duba gaskiyar abin da ake faɗa. Idan ɗan wasa ya ce an ware kuɗi kaza don gyaran kwalbati, daga ina aka samo adadin? In babu takarda, a cire. Ka duba kada a kama sunan kowa ko a kwaikwayi tafiya da muryar wani da duk unguwa ta sani, domin daga nan wasa yake komawa ƙarar ɓata suna. Ka duba abin dariyar: idan ana samun ta ne ta hanyar yi wa gurgu ko bebe ko wata ƙabila ba'a, a sauya. 'Yan tashe sun daɗe suna faɗa wa mai rowa da malalaci gaskiya cikin raha ba tare da sun kama sunan kowa ba, kuma mai halin yakan gane kansa. A bi wannan hanya.

Na huɗu, ka duba ko wasan ya ɗora laifin duka a kan gwamnati ko duka a kan talaka. Maganar kwata tana da ɓangare biyu: akwai mai zuba shara da ledar ruwa a ciki da daddare, akwai kuma hukumar da ba ta kawo motar kwashewa ba. Wasan da ya nuna ɗaya kawai zai sa ɗaya ɓangaren ya toshe kunne.

Ka riƙe agogo. Minti ashirin da biyar zuwa talatin ya isa.

7. Tsayar da rana da wuri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga idar da sallar La'asar zuwa kafin Magariba. Wannan bai kai awa uku ba, saboda haka a fara a kan lokaci ko da babban baƙo bai iso ba. A kauce wa ranar da ake babban biki a unguwa, da makon jarrabawa, da yammacin da ake buga babban wasan ƙwallo. Wasan kwata kuwa a yi shi a Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya kankama. A watan Agusta magana ta riga ta zama jaje.

A zaɓi wurin da mata za su iya zuwa ba tare da takura ba, a ware musu ɓangarensu da inuwa, a sa mata biyu su kula da shi. Su ne suka fi kowa sanin inda ruwa yake shigowa gida, kuma idan ba a tanadar musu wuri ba, ba za su zo ba. A nemi 'yan sintirin unguwa huɗu ko biyar su tsaya, a gaya musu a fili cewa ba a son duka ko korar yara da bulala.

8. Gayyata

Baki ya fi takarda. Sanarwa a masallatai kwana biyu a jere, saƙo ta bakin malaman Islamiyya zuwa ga iyaye mata, da mai shela ya zaga da lasifikar hannu da safiyar ranar. A WhatsApp, saƙon murya na rabin minti ya fi dogon rubutu isa ga mutane. Gidajen rediyo irin su Freedom da Rahama suna da shirye-shiryen da ake tattauna matsalolin al'umma, babu laifi a kai musu takardar gayyata.

Waɗanda dole a kai musu takarda hannu da hannu su ne masu ikon yin wani abu: kansilan mazaɓa, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da wakilin hukumar kwashe shara ta REMASAB. A gaya musu tun farko cewa za a ba su minti biyar su amsa tambayoyin jama'a, don kada su ji an yi musu kwanton ɓauna.

9. Ranar taro

Ka riga kowa zuwa. Awa biyu kafin lokaci a kunna janareta, a ajiye shi nesa da fage, a bayan gini in da hali, a gwada kowane makirfo kana tsaye a ƙarshen fili. A tanadi galan na mai daban da batiran makirfo. Kada ka bari abokinka ya shiga wannan hidima. Idan mai rumfa yana neman cikon kuɗinsa, kai zai nema. Shi ya zauna da 'yan wasansa.

Da an gama wasa, kada a bari jama'a su watse. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo nan take ya tambaya: "Wa ya taɓa kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki?" A kai makirfo ɓangaren mata tun a zagayen farko. Bayan mutum biyar ko shida, a ba jami'ai dama. Duk alkawarin da aka yi, a nemi rana cikin ladabi: "Mai girma kansila, yaushe za mu sa ran ganin motar?" Kai kuma kana gefe kana rubutawa. Kafin addu'ar rufewa, mai unguwa ya sanar da ranar aikin gayya da bakinsa, littafi ya zaga a ɗauki sunaye da lambobin masu fitowa. A Kano, haɗa shi da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli yana sauƙaƙa samun mutane a gida.

10. Hoto da bidiyo

Waya biyu sun isa: ɗaya a kafe a kan sanda tana ɗaukar komai, ɗaya tana yawo. Wadda aka kafe ta kasance kusa da lasifika amma ba a bakinta ba. A sanar tun farko cewa ana ɗauka, kuma kada a saki fuskar matar aure ko ta yaro ba da yardar su ko ta iyaye ba. A yanka gajerun guntaye biyu ko uku don Facebook da TikTok, a rubuta sunan marubuci da 'yan wasa a kan kowanne. Kada ka saki komai kafin abokinka ya gani ya amince.

11. Makon da ya biyo baya

Cikin kwana bakwai a fitar da bayanin kuɗi a zaure: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da shawarar inda ragowar za ta tafi, misali sayen shebur da manjagara da safar hannu don aikin gayya. A mayar da kayan aro a wanke. A koma wurin mai unguwa da liman a yi godiya da ƙafa, ba ta waya ba.

Sa'annan a bi alkawuran. A rubuta wa kansila takarda ana tuna masa abin da ya faɗa da ranar da ya sa, a ba mai unguwa kwafi. Idan ranar ta wuce shiru, mutum uku su je ofis da hotunan kwatar kafin gayya da bayanta, da tarin sharar da aka fitar tana jiran mota. In kuna son sanin ko an taɓa ware kuɗi don aikin, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ta kuma sa kwana bakwai a ba da amsa. Masu bibiyar ayyukan gwamnati irin su Tracka da Follow The Money suna koya wa al'umma yadda ake wannan.

A ƙarshen makon, ka ware wa abokinka zama na ku biyu. Zai kasance a gajiye, wataƙila yana ta juya wurin da wani ɗan wasa ya manta layinsa. Ka fara gaya masa wurin da ka ga jama'a sun yi tsit, da maganar da ka ji wata dattijuwa ta maimaita a hanyar fita. Bayan haka ku buɗe littafin, ku rubuta abu uku da za a gyara, da sunan unguwar da za a kai wasan nan gaba da wanda zai shige muku gaba wurin mai unguwarta.